Ƙwallon da Ambokile Ya Soke

"Ki kai ni fili ranar Asabar," in ji Mzee Ambokile, dattijon da ke maƙwabtaka da ni, cokali a hannunsa.

Na ɗauka zazzaɓi ne ke magana. Faten ayaba da wake na kawo masa, don 'yarsa Tumpale ta leƙo ta shinge ta ce tun jiya bai sa komai a bakinsa ba, ina tsaye ne kawai ina jira ya gama in ɗauki kwanona. Yana zaune a kujerarsa ta kullum a gindin fiya, an lulluɓe shi da bargo, ga rediyonsa a cinya.

"Wane fili?"

"Fili nawa gare mu a garin nan, Mama Lusajo?"

"To, ka gaji da duniya ke nan, kana neman masu ƙarasa ka."

"Likita ya riga su," ya ce. "Ya ce in koma gida in ci duk abin da raina ke so. Ni kuma ba abinci nake so ba. So nake in zauna a gefen ganga, cikin mutane, in kalli 'Yan Ganye sau ɗaya kamar kowa."

Tumpale tana shanya a igiya, ta ba mu baya, amma na ga hannunta ya tsaya.

'Yan Ganye ƙungiyar ƙwallon masana'antar shayi ce, ita ce ta garinmu. Gefen ganga kuwa tudun nan ne da ke bayan raga ta gabas, ƙarƙashin itatuwan turare, inda mu masu ƙungiyar na ainihi muke zama. Ni ke ba da waƙa a can tun ina budurwa, mata na amshi. Shi Mzee Ambokile rabonsa da taka filin nan an haura shekara talatin, kuma kowa a garin ya san dalili.

Wasan ƙarshe ne na waccan shekarar, da wata ƙungiya ta 'yan birni daga Mbeya. Ci ɗaya muke nema mu hau babban rukuni. Alƙalin wasan da aka turo motarsa ta kafe a taɓo a hanya, sai aka ce Ambokile, ɗan gari, ya riƙe usur, abin da ba a saba yi ba. Kada in ɓoye, mun yi murna, muka ce yau namu ya samu. Ana dab da tashi, mijina Gwamaka, mai lamba tara, ya tare ƙwallo da ƙirji, ya juya, ya ɗirka ta da ƙafar hagu ta shige kusurwar raga. Ina ɗauke da cikin Lusajo a lokacin, wanda ake kirana da sunansa, na yi tsalle har zanina ya kwance. Kafin in gama ɗaura shi Ambokile ya busa, ya ce satar gida.

Ba mu hau ba. Masu neman 'yan wasa da suka zo daga birnin Dar suka koma da golan 'yan birni. Gwamaka ya ƙare a ɗakin busar da ganye na masana'anta, har ciwon ƙirji ya ɗauke shi. 'Yan sanda ne suka fitar da Ambokile a bayan mota ran nan, kuma daga lokacin sunansa ya zama zagi. Duk alƙalin da ya cuce mu, sai gefen ganga ya ɗauka, "Ambokile, Ambokile." Yaran yanzu sun zaci kalma ce kawai ta tsokanar rafali, ba su san sunan tsohon nan ba ne da suke wucewa ta gabansa yana sayen gishiri a shagon kwana.

Wasu sun ce sayen sa aka yi. Ni ban taɓa yarda da wannan ba, don wanda ya sayar da wasa irin wancan ba zai tsufa a ƙarƙashin rufin kwano mai yoyo ba. Abin da na sani shi ne tsoro ya ji kada a ce ɗan gari ya goyi bayan gari, sai ya karkata ɗaya gefen, ya yanka mu don 'yan birni su ce shi mai gaskiya ne. Na faɗa masa haka ido da ido, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Shinge ɗaya ya raba gidajenmu, kuma gidajen masana'anta ne, ba mu muka zaɓi juna ba. Kowace Asabar in na dawo daga fili yana gindin fiya da rediyonsa, sai ya ɗaga kai ya ce, "Yaya, yau ma rafali ne?" Ni kuma in ce, "Ɗan'uwanka ne, yana gaishe ka." Daga nan mu gangara har mu iso kan ƙwallon Gwamaka, sai Tumpale ta kira shi cin abinci. Gwamaka da kansa ya daɗe da barin wannan musu, har dara suke yi tare da yamma, abin da ke ba ni haushi. Ni ce ban bari ba, bayan rasuwarsa ma sai na ƙara ƙaimi.

Na jawo turmi na zauna a gabansa.

"Zan kai ka," na ce, "amma da sharaɗi."

"Na san shi."

"To faɗi. Ba kowa a nan sai ni da Tumpale. Ka ce ƙwallon Baban Lusajo ta shiga daidai, kai ne ka yi kuskure. Da hannuna zan ɗaura maka koren ƙyallen ƙungiya, in zaunar da kai kusa da gangar."

Ya daɗe yana juya cokali a cikin faten. Wuyansa ya rame har rigar ta yi masa yawa.

"Ya riga mai tsaron baya da rabin taku," ya ce.

"Ƙafarka ɗaya tana kabari fa, Mzee."

"Ai shi ya sa. Da ƙarya a bakina zan je in tarar da Gwamaka? Dariya zai yi mini."

Na ɗauke kwanona da sauran faten a ciki, na yi ficewata. Taurin kan mutumin nan ko cuta ba ta iya lanƙwasa shi ba.

Washegari da safe ina tsince shinkafa Tumpale ta shigo. Mace ce mai shiru, malamar firamare, ba ta taɓa sa baki a rigimarmu ba. Ta zauna ta ja faranti tana taya ni.

"Mama, ke ba ki san abin da ake yi a gidanmu ranar Asabar ba," ta ce. "Rediyon nan ba ya kama wasan 'Yan Ganye, don ido kawai yake riƙe shi. Ganga yake saurare daga tudu. Daga kiɗan yake gane wa ya ci, wa aka ci. In kun ci, sai ya shiga ɗaki ya turo ƙofa ya yi rawa. Ina ƙarama na ɗauka giya yake sha a ɓoye."

"Wa ya hana shi rawa a waje?"

"Ya ce alƙali ba shi da ƙungiya, ko ya ajiye usur. Kuma ya san muryarki a cikin duk matan. Ranar da ba ki je ba sai ya ce, je ki duba Mama Lusajo, yau ba ta da lafiya."

Na tuna sau nawa yarinyar nan ta taɓa shigo mini da ruwan zafi da lemon tsami ranar Asabar, ni ina mamakin wa ya gaya mata. Na ce ta bar mini shinkafar, tana haɗa mini da tsakuwa.

Da hantsi na tafi wurin Asajile mai ganga, a rumfarsa ta gyaran keke, na ce masa zan kawo Mzee Ambokile gefen ganga. Ubansa ne ya riƙe gangar kafin shi, kuma uban yana cikin waɗanda suka bi motar 'yan sanda da jifa.

"Mama, so kike a fasa mini ganga a ka?" ya ce.

"Wa zai fasa? Waɗannan tsofaffin da ko tudun ba sa iya hawa sai sun huta?"

"Ya nemi gafara?"

"Bai nema ba."

"Ya amsa laifinsa?"

"Ko kusa."

"To don me za mu karɓe shi?"

"Don ni ce matar mai ƙwallon, kuma ni na ce. In akwai wanda ya fi ni asara ran nan, ya zo ya hana."

Ya sunkuyar da kai yana murza tayar da ke hannunsa. Can ya ce zai turo mai bajaji, babur mai ƙafa uku, ya ɗauke mu.

Ranar Asabar gari ya tashi da hazo, gonakin shayi sun ɓace a cikinsa. Tumpale ta sa masa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ta taje masa furfura. Tun a ƙofar fili aka fara zunɗe. Asajile da wani ƙato suka ɗauke shi a kujerar roba suka hau tudu da shi, ni ina gaba ina buɗe hanya da gwiwar hannu. Samari ba su kula ba, tsoho ne kawai aka kawo kallo. Manya ne suka yi tsit. Tsoho Mwakasege, wanda ya buga baya a zamanin Gwamaka, ya tofar da yawu gefe.

"An kawo shi ya soke mana wata ke nan?"

"Na baro usur a gida, Mwakasege," in ji Mzee Ambokile. "Ka kwantar da hankalinka. Kai dai da ka iya tare mutum, da ba mu kai ga neman ci a ƙarshen wasa ba."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Aka ajiye kujerar a gefena, ba nesa da gangar ba. Kowa a tudun nan da koren ƙyallensa, a wuya ko a ka, shi kaɗai ne babu. Na ce sharaɗi ne, kuma bai cika ba. Sai dai ana take wasa yayyafi ya sauko, na ga kafaɗunsa suna karkarwa. Na cire koren zanin da na yafa na rufa masa.

"Don sanyi ne," na ce. "Kada ka ɗauka wani abu."

"Ban ɗauka ba," ya ce, yana ƙara jan zanin har wuya.

Da farko ba ƙwallo yake kallo ba, alƙalin yake bi da ido, wani siririn saurayi da aka turo daga Iringa. "Ya tsaya inda bai kamata ba," yake ta gunaguni. "Dubi, ya ba mai tuta baya."

"Ƙwallo ka zo kallo ko ɗan'uwanka?"

Kaɗan-kaɗan na ga ƙafarsa ta fara motsi ƙarƙashin bargo duk lokacin da namu suka ɗauko ƙwallo. Da na ba da waƙa, leɓɓansa suka bi amshi. Duk baitocin ya sani, har waɗanda muka daina yi tun Gwamaka na da rai.

Bayan hutun rabin lokaci, ba wanda ya ci wani, ɗan gabanmu ya shiga da ƙwallo gidan gola, ya kife a ƙasa. Muka miƙe gaba ɗaya muna jiran fenareti. Alƙali ya rugo, ya sa hannu a aljihu, ya ɗaga wa namu katin gargaɗi, wai faɗuwar ƙarya ya yi. Samarin da ke ƙasan tudu suka ɗauka nan take, kamar yadda suka gada.

"Ambokile, Ambokile."

Asajile ya buga gangar sau biyu don sabo, sai hannunsa ya tsaya a sama. Manya suka kama kallon ƙasa. Shirun ya gangara daga saman tudu zuwa ƙasa, har samarin suka waiwayo suna tambayar juna me ya faru. Tumpale ta rufe fuska da tafin hannu.

Sai na ji ya kama damtsena. Ya yunƙura, ya miƙe a kan ƙafafun nan da suka zama sillaye, ya ɗaga sandarsa yana nuna alƙalin.

"Ambokile!" ya ce da wata fasasshiyar murya. "Rafali ɓarawo, nawa suka ba ka?"

Tudun ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya gane. Mwakasege ne ya fara fashewa da dariya har da tari, sannan Asajile ya sakar wa gangar hannu, kowa ya ɗauka, manya da yara, sunan ya cika fili har itatuwan turare. Shi ma yana ciki, yana jijjiga sanda, koren zanina yana zamewa daga kafaɗarsa ina mayarwa. Da ƙarfinsa ya ƙare ya zube a kujera yana haki, hawaye na bin kumatunsa. Ya yafito ni, na sunkuya.

"Yaron nan da kansa ya faɗi," ya raɗa mini. "Ba wanda ya taɓa shi. Rafali ya yi daidai."

"To me ya sa ka zage shi?"

"Ashe haka abin yake da daɗi, Mama Lusajo. Duk shekarun nan ku kaɗai kuke sha."

Aka tashi canjaras. A hanyar gida Tumpale ta zauna gaba kusa da mai bajaji, ni da shi a baya. Hazo ya fara yayewa, ana ganin layukan shayi suna gangarawa kwari. Na ɗauka barci yake yi, sai na ji ya yi magana idonsa a rufe.

"Ina kusa da shi ran nan, kamar ni da ke yanzu. Ruwa ya jiƙa ƙwallon ta yi nauyi, na ji ƙararta a ƙirjinsa. Bai ko kalli raga ba. Kin tuna yakan cije harshe a gefen baki in zai buga?"

Na manta. Shekara da shekaru ina ba da labarin ƙwallon nan a coci da kasuwa da gidan biki, amma na manta da harshen. Sai ga fuskar Gwamaka a gabana, ta ƙuruciya, da harshen a gefen baki, yadda yake yi in yana yanke wa Lusajo farce.

"Da ta shiga," ya ci gaba, "bakina ya buɗe zan yi ihu tare da ku. Hannuna ya riga ya tashi zai nuna tsakiyar fili. Na manta ni ne alƙali. Sai na tuna inda na gan shi tsaye lokacin da aka bugo masa. Ban taɓa ganin ƙwallo mai kyanta ba, ni kuma aka ba wa aikin kashe ta."

"Ta shiga daidai," na ce, da ƙyar.

"Rabin taku," ya ce.

Kansa ya sauko a kafaɗata, ban ture shi ba har muka isa gida.

Bai kai wata Asabar ba. Da hantsi ne, ina wanke-wanke a bayan ɗaki, na ji Tumpale ta kira sunana ta shinge, a hankali, da muryar da ba sai an yi bayani ba. Na tarar da shi a kujerarsa, rediyon a kashe a cinyarsa.

A ƙauyensu aka binne shi, cikin gonar ayaba, kusa da matarsa. Tsofaffin alƙalan wasa suka zo daga Mbeya cikin baƙaƙen rigunansu, suka jeru a gefen kabari. Ba wanda ya gayyaci gefen ganga, amma sai ga Asajile da gangar a rataye, ga Mwakasege da sauran a bayansa, kowa da koren ƙyallensa. Kafin a rufe akwatin Tumpale ta ja ni gefe.

"Zaninki yana jikinsa, Mama. Ya ce kada a mayar miki. Ya ce don sanyi kika ba shi, kuma an ce can ma akwai sanyi."

"Ɓarawo," na ce. "Har zani."

Fasto ya gama addu'a, aka sauke akwatin. Al'adar alƙalai ce in nasu ya mutu, babbansu ya busa masa usur na tashi a bakin kabari. Wani dattijo mai gilashi ya fito, ya sa usur a baki, ya busa gajere, ya sake gajere, sannan dogo, irin na ƙarshen wasa. Ganyen ayaba kaɗai ke motsi. Ban yi niyya ba, sai na ji muryata ta fita, irin yadda take fita a tudu.

"Rafali, akwai sauran lokaci."

Wasu suka yi dariya, dariyar ta koma kuka. Asajile ya sa hannu a ganga, muka raka shi da waƙar da muke yi wa namu.

Asabar ta gaba na je fili. Aka hana mu fenareti tsirara, wadda ko makaho ya gani, kuma aka ci mu a ƙarin lokacin da ba wanda ya san daga ina alƙalin ya samo shi. Na taho gida bakina cike da magana, ina shirya yadda zan fara, har na rage sauri a daidai shingen kamar kullum. A nan kewa ta kama ni, ta mutum biyu a lokaci ɗaya. Duk garin nan babu sauran wanda zai tsaya ya yi musu da ni a kan ƙafar hagun Gwamaka. Kowa ya yarda da ni ƙwallon ta shiga daidai, shi ya sa ba mai tayar da zancen.

Tumpale ta jingina kujerar da jikin bishiyar saboda ruwa. Fiya ɗaya ta faɗo a inda yake ajiye ƙafafunsa, kaza tana caccakar ta. Na tsaya riƙe da shingen har yayyafi ya jiƙa mini kafaɗa, sannan na shiga gida.